Rumfar Leda a Bakin Kogin Jamus

Tashar jirgin ƙasa

Ba wanda ya zo tarbata. An ce mini zan ga mutum riƙe da kwali mai sunana, na tsaya ina duban fuskokin mutane har tashar ta watse, ya rage daga ni sai jakata da wani buhu da na ɗauko tun daga Karaye. Sanyi ya bi ta ƙasan zanina ya kama ni a gwiwa. Wayata ba ta da layin ƙasar, rubutun da ke jikin bango kuwa duk Jamusanci ne.

Wani mai sayar da burodi ya daɗe yana kallona daga cikin ɗan kantinsa. Can ya fito ya yi mini sallama, cikakkiyar sallama irin tamu. Baturke ne. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Bai tambaye ni komai ba, ya zuba mini shayi a ɗan kofin gilashi, ya duba adireshin da ke hannuna, ya ja ƙofar kantinsa ya raka ni har bakin bas. Ban san sunansa ba har yau, amma yana cikin addu'ata.

Sunana Safiya, 'yar Unguwar Hajji ce ni, kuma malamar zane a wata makarantar 'yan mata. Abin da ke cikin buhun nan igiya ce, igiyar leda, ita ta kai ni Jamus.

Shekarun baya shanu suka riƙa mutuwa a Fulatan, can ƙasar Rogo. Saniya ta daina kiwo ta yi ta ramewa, a yanka ta, a tarar da tumbinta cunkushe da baƙar leda. Inna Dije, wata dattijuwa mai tallar nono da na saba saya a wurinta, ta rasa saniyar da ta gada daga mahaifiyarta. Ita ta fara bin gonaki tana tsintar leda, har ana cewa ta taɓu. Da ta tara sai ta rasa yadda za ta yi da ita, domin in ta ƙona hayaƙi ya hana kowa sakat. Ni na ce a yanka ta siri-siri a tufka. Matan ƙauyen Jajaye masu saƙar tabarma suka ce a kai musu. Maza suka kafa dirkoki. Haka rumfa ta tsaya a gefen kasuwar Rogo, daidai inda masu nono suka saba zama rana na dukansu.

Wani ya ɗauki hotonta, hoton ya yi ta yawo a waya har ya faɗa hannun wata Bajamushiya mai suna Katrin, mai shirya bikin zane-zanen da ake kafawa a tituna da filayen garinsu. Ta ce in zo in yi irin aikin tare da mutanen garin. Kalmar "tare" ɗin nan ce ta sa na yarda.

Masauki

Katrin doguwa ce mai fara'a. Ta rungume ni, ta yi ta ba ni haƙuri cewa aiki ne ya mantar da ita, ta ba ni wata rigar sanyi mai kauri. Da Turanci muke magana. Washegari ta ɗauke ni a mota, ta ce akwai abin da zai faranta mini rai.

A tsakiyar gari na ga kaina a jikin wani ƙaton allo. Na san hoton. Ranar da muka gama rumfar Rogo aka ɗauke shi, muna tsaye mu da yawa muna dariya. Amma an yanke kowa. Abin da ya rage na Inna Dije yatsunta ne kawai a kan kafaɗata.

Na ce, "Me aka rubuta a ƙasa?"

Ta ce, "Mace ɗaya tilo da ta tashi ta yaƙi ƙazantar Afirka."

"Ina sauran matan?"

"Safiya, mutane fuska ɗaya suke iya riƙewa. Ki yarda da ni, aikina ne."

Na bar maganar, don ni baƙuwa ce, kuma rigarta ce a jikina. Amma tun daga nan abincinsu ya daina wuce mini.

Ɗakin ajiya

Na yi kwanaki ina tambayar inda mutanen da zan yi aiki da su suke, ana ce mini gobe. Ranar da aka kai ni wurin aikin, wani ƙaton ɗakin ajiya ne a bayan gari. A tsakiyarsa an riga an ƙera gangar jikin saniya da ƙarfe, a kwance, ƙafafu a sama, ta kusa kai tsawon motar haya. A gefe kwalaye ne jibge. Ma'aikata biyu sanye da takalman roba suna fito da leda daga ciki, suna zuba ta a wani kwami mai taɓo, suna tattakawa.

Na ɗauki ɗaya daga cikin kwali. Sabuwa ce fil, ko buɗe bakinta ba a taɓa yi ba, har da warin kamfani.

Na ce, "Katrin, mene ne wannan?"

"Muna tsufar da ita ne, don ta yi kama da ta garinku. Ke kawai za ki ɗaura ta a jikin saniyar, ranar buɗewa ki tsaya kusa da ita."

"Kin sa an ƙera sabuwar leda don a nuna wa mutane illar leda?"

Ta ce dokar garin ba ta yarda a kai shara filin taro ba. Ta ce masu ɗaukar nauyin bikin sun riga sun ga zanen saniyar kuma sun so shi. Ta ce lokaci ya ƙure. Sannan ta dafa ni ta ce, "Mutane za su gani su yi kuka. Ba abin da kike so ke nan ba?"

Na janye kafaɗata. Na ce, "Ni ba kuka na zo nema ba. Mu a Rogo leda muka rage a doron ƙasa, muka yi abin da mutum zai zauna a ƙarƙashinsa. Ke kin ƙaro ta, kin shafa mata datti, kin sa wa dattin sunan garinmu. Wa ya tambaye ni kafin a ƙera wannan mushen?"

"Idan ba za ki yi ba, ɗakin da kike ciki na masu aikin biki ne. Zan sa a dawo miki da ranar tafiya, ki koma gida."

"Ɗakinki kam ki karɓa. Amma bizata ba ta ƙare ba, kuma ba zan tafi in bar fuskata a allo tana yi wa mutane ƙarya ba."

Ta yi zaton fushi ne na ɗan lokaci. Da safe na ninke rigar sanyinta na ajiye a kan gado, na ɗora makulli a kai, na ɗauki jakata da buhuna na fita. Ban yi nisa ba haƙorana suka fara haɗuwa. Na dai ƙi waiwayawa.

Shagon Hajiya Memuna

Na wuni ina yawo. Na yi sallar azahar a bayan wani gini, a kan kwali, mutane na wucewa suna kau da kai. Wajen la'asar, a wani lungu kusa da tasha, hancina ya ɗauko warin daddawa. Na bi shi kamar akuya har cikin wani shago cike da doya da manja da busasshen kifi.

Mai shagon wata ƙatuwar mace ce tana waya, kuma Hausa take yi, Hausar mutanen zangon Kumasi. Na tsaya a bakin ƙofa ina sauraro. Da ta ajiye wayar na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ɗiyata, daga ina da buhu kamar mai zuwa niƙa?"

Ita ce Hajiya Memuna. Na ba ta labari tana ta tafa hannu. Ta ce allon nan kullum tana wuce shi, har ta taɓa cewa wannan yarinya ta ci amanar ƙasarta don ta yi suna. Maganar ta soke ni, amma ta ƙara tabbatar mini da dalilin tsayawata. Ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin bayan shago, tsakanin buhunan garin rogo, ta ba ni rigar sanyin marigayi mijinta wadda ta sauko mini har ƙauri. Na riƙa taya ta jera kaya da ƙulla barkono.

Kaka ce a gida lokacin. Ina zaune cikin duhun rana irin na ƙasar nan, sai in ga ana cirar gyaɗa a gonarmu ta hanyar dam, in ji ƙamshin sabuwar gyaɗa a wuta, in tuna 'ya'yana suna faɗa a kan wanda zai ci ƙanzo. Wani lokaci har sai na shiga tsakanin buhuna na toshe bakina don kada a ji kukana. Da wayar Hajiya na kira Fulatan, aka kai wa Inna Dije.

"Inna, ina wuni? Ya gida, ya shanu?"

"Lafiya lau, Malama. Ya baƙunta? An ce garin ba rana, da gaske ne?"

Na faɗa mata komai. Ta ce, "Sabuwar leda? Wadda ko gishiri ba a taɓa ƙullawa a ciki ba? To su ba su da tasu sharar ne?"

Na yi dariya, karon farko tun zuwana.

Ta ce, "Malama, kada ki sa hannunki. In kin gaji ki dawo, ba wanda zai ce kin gaza. In kuwa kin tsaya, to ki tsaya sosai."

Bakin kogi

Tambayar Inna ce ta kai ni bakin kogin da ya ratsa garin. Ashe suna da sharar. Titunansu dai tas, amma a ƙarƙashin gada da cikin ciyayin gaɓa ga leda nan, ga robar lemo, ga tsummokaran tanti. Wasu tsofaffi na gani kowa da sanda mai ɗan baki a ƙarshe, suna tsinta suna zubawa a buhu. Na zauna a kan dutse, na jawo wata leda na wanke a ruwa, na yage ta na fara tufka, don kawai hannuna ya samu abin yi.

Wani tsoho mai farar ƙasumba ya tsaya a kaina. Ya karɓi igiyar ya ja ta da ƙarfi, ba ta tsinke ba. Ya ce sunansa Walter, da can direban jirgin ruwan kaya ne a kogin nan, yanzu ya yi ritaya. Turancinsa kamar nawa Fillancin, na ciniki ne kawai, amma muka fahimci juna. Na kwance buhuna na nuna masa aikin matan Jajaye. Tun daga ranar nake ce masa Baba Walter, shi kuma bai taɓa iya faɗin sunana daidai ba.

Shi ya nuna mini wata tashar bas a kusa, gaban gidajen da ake sauke 'yan gudun hijira. Ba ta da rufi. Mata da yara suke tsayawa a nan ruwa na dukansu, an daɗe ana kai kuka ba a yi komai ba. Na ce masa, "Baba, irin wurin nan muka yi wa rumfa a garinmu."

Aiki ya fara ne da gardama. Baba Walter ya ce sam ba za a yi bango da leda kusa da kogi ba, domin rana da sanyi za su ruɓar da ita, ta marmashe ta koma ruwa, kifi ya ci. Na ce to a bar ta a ina, a cikin ciyawa? Ya buga sandarsa a ƙasa, ni ma na ɗaga murya. Muka rabu ba sallama. Da na kwana na tashi na ga maganarsa da gaskiya a ciki, shi ma ya zo da safe ɗauke da damin rassan wata bishiyar bakin ruwa masu laushi, waɗanda ake sassarewa duk kaka a zubar. Muka shirya a kan cewa bango na rassa ne, ɗauri da rufi na leda, kuma za a kwance ledar a sauya ta kafin ta fara marmashewa. Ranar na sake kiran Fulatan na ce a riƙa duba rufin tamu rumfar.

Hajiya Memuna ta yi shela a shagonta. Tsofaffin kogi suka kawo abin da suka tsinta, muka wanke a manyan robobi. Matan Siriya daga gidajen 'yan gudun hijiran nan suka fito, da farko kallo, daga baya suka zauna. Ɗaya a cikinsu ta iya wata saƙa mai ido-ido da ban taɓa gani ba, ta fi tamu hana ruwa, muka bar tamu muka bi tata. Wani kafinta ɗan Eritriya ya gyara mana dirkoki. Yatsuna suka tsattsage don sanyi har suna jini, wata tsohuwa Bajamushiya ta cire safar hannunta ta yanke kan yatsun da almakashi ta ba ni. Ba mu da yare ɗaya, kowa da hannu yake nuna abin da yake nufi, kuma kowa sai da aka warware masa aiki aƙalla sau ɗaya, har da ni. Igiyar da na zo da ita daga gida muka ɗaure ƙusurwoyi da ita.

Muna gamawa sai ga wani ma'aikacin hukumar gari. Cikin ladabi ya ce gefen titi na hukuma ne, ba mu da izini, sai a rushe. Baba Walter ya tambaye shi inda iyakar hukuma ta tsaya, ya nuna. Bayan iyakar kuwa ɗan lambun kayan miyan Baba Walter ne. Tsohon ya je ya tumɓuke shingensa da hannunsa, ya tattake kabejinsa, ya ce ga wuri.

Na ce da jama'a kowa ya kama dirka. Na ba da murya irin yadda ake yi a ƙauye idan za a ɗora jinka, muka ɗaga rumfar ɗungurungum, tsofaffi da mata masu goyo da Hajiya tana salati, muka dire ta a cikin lambu, bakinta na kallon titi. Ma'aikacin ya duba ƙasa, ya duba mu, ya ce yanzu ba ruwansa. Har ya kama mana gefe ɗaya da ya karkace kafin ya tafi.

Filin biki

An aiko mini cewa kada in zo buɗe bikin. Na ɗaura atamfata mafi kyau, na ɗora rigar marigayi a kai, na je. Baba Walter na dama da ni, Hajiya na hagu.

Saniyar na kwance a tsakiyar fili, an lulluɓe ta da ledar da aka tattaka. Mutane suka gane ni daga allo, suka fara tafi. Katrin ta hango ni, fuskarta ta sauya. Ba a ba ni abin magana ba, amma wadda ta shekara da shekaru tana koyar da aji cike da 'yan mata ba ta buƙatarsa. Ina faɗa da Turanci, Baba Walter na juyawa da Jamusanci gwargwadon iyawarsa.

Na ce, "Ku daina tafi. Ba ni na yi wannan ba. Ledar nan sabuwa ce, a nan aka saya, a nan aka shafa mata taɓo. Wanda bai yarda ba ya buɗe cikinta ya gani."

Wata mata ta miƙa hannu ta buɗe ɗaya. Cikinta na sheƙi.

Na ce, "Kuma ni ba ni kaɗai ba ce. Hannun da kuke gani a kafaɗata a allon can na Inna Dije ne, ita ta fara. Akwai Talatu da Hansai da Ladidi da Gambo, akwai wasu da yawa. Garinmu ba juji ba ne. In kuna son ganin irin aikinmu, yana tashar bas ta bakin kogi, kuma mutanen garinku ne suka yi shi da sharar garinku."

Wani mai gadi ya kai hannu zai kama ni. Na ce kada ya taɓa ni, da ƙafata na zo. Wasu suka yi mini ihu cewa na yi butulci, an kawo ni na ɓata wa mutane taro. Wasu kaɗan suka biyo mu. Kafin mako ya zagayo an sauke allon, an cire sunana daga bikin. Tun daga nan ba a sake gayyatata ko'ina ba, an ce ni mai wuyar sha'ani ce. Ban musa ba.

Ana saura kwana kaɗan in taho gida, muna zaune a rumfa da hantsi ana ruwa, muna ƙara wa rufin wata shimfiɗa, sai ga Katrin ta tsallako titi a guje, ta jiƙe sharkaf, da kyamara a jaka. Ta tsaya a bakin rumfa ta daɗe tana kallon saƙar. Ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Ta ce jaridar gari ta yi maganarsa, kuma tana so ta sa shi a littafin bikin, da sunana a manyan baƙaƙe.

Na ce, "Ba tawa ba ce, balle in ba ki. Ki tambayi masu ita."

"Su wa?"

Na nuna mata su da hannu. Ta juya wajen Baba Walter ta yi masa magana da yarensu. Amsarsa gajeriya ce, ban buƙaci fassara ba. Ta dubi matan Siriya, babbar cikinsu ta girgiza kai ta ci gaba da saƙa. Ta dubi kafinta, ya ɗaga kafaɗa ya nuna Hajiya.

Hajiya Memuna ta matsa ta buɗe mata wuri a kan benci, ta ce da ni, "Ɗiyata, gaya mata ta shigo kada sanyi ya kama ta. Fakewa kyauta ce, ba mu hana kowa ba. Hoto ne dai babu."

Na gaya mata. Katrin ta dubi titi, ta dubi sama. Sannan ta sunkuyo ta shigo, ta zauna tsakanin Hajiya da wata mai goyo, jakar kyamara a rufe a kan cinyarta. Muka ci gaba da tufka, ruwa na sauka a kan rufin, ko ɗigo bai zubo mana ba.